Hukumar zari-ruga ta Najeriya da nisan da ke tsakaninta da Bagama

Daga unguwar Bagama a cikin garin Suleja zuwa Filin Wasa na Ƙasa na Moshood Abiola da ke Abuja, tafiya ce da ba ta wuce awa ɗaya a mota in dai hanyar Madalla da Zuba ba ta cushe ba. Dubban mutanen Suleja ne ke bin wannan hanya kowace safiya don zuwa aiki, su komo da almuru. A can ƙarshen hanyar ake zama a tsara yadda wasanni za su gudana a ƙasar nan, a can ake rantsar da shugabannin hukumomin wasanni, a can kuma ake kasafta ɗan abin da gwamnati ta ware. Amma duk da wannan kusanci, in ana lissafin garuruwan Arewa da aka sani da ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga, Kano da Kaduna da Zariya da Jos ake ambata, sunan Suleja ba ya fitowa. Yaran Bagama kuwa ba su gaza na Kano a ƙarfi ko gudu ba, kuma ba su rasa son wasa ba, domin duk fegin da ba a gina ba a garin za ka tarar an kafa duwatsu biyu an mai da shi raga. Abin da ya hana wasan isowa gare su yana cikin yadda aka gina hukumar da ke kula da shi. An kafa ta ne daga sama, tana duban ma'aikata da ofisoshin ƙasashen waje, alhali hukumomin zari-ruga da suka yi ƙarko a duniya ƙungiyoyin 'yan wasa ne suka haife su, kuma su ne ke da ikon tsige shugabanninsu.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, ƙwallon doguwa ce mai siffar ƙwai, ana ɗaukar ta a hannu a ruga da ita, ba a jefa wa abokin wasa ita sai ta gefe ko ta baya, abokin hamayya kuma yana da damar rungumo mai ƙwallo ya kayar da shi. Wanda ya kai ta bayan layin abokan hamayya ya danna ta a ƙasa ya ci maki 5, in an buga ta ta haye sandar da ke tsakanin dogayen turaku biyu a ƙara 2. Babban wasan na mutum 15 ne a kowane ɓangare, minti 80. Akwai kuma na mutum 7, minti 7 kowane rabi, wanda ya shiga gasar Olamfik a Rio a 2016.

Tarihin hukumomin wannan wasa yana nuna wane ne ya riga wani. A ranar 26 ga Janairun 1871 wakilan ƙungiyoyi 21 suka taru a wani gidan cin abinci a Landan suka kafa hukumar zari-ruga ta Ingila. Ba sarauniya ce ta kira su ba, ba minista ba ne. Sun riga sun shekara da shekaru suna karawa da juna, kowace ƙungiya da tata fahimtar dokoki, gardama ta yi yawa, sai suka ga gara su kafa wata majalisa da za ta rubuta doka ɗaya ta tsara wasanni. Haka aka yi a mataki na gaba: a 1886 Sikotland da Ayaland da Wales suka kafa majalisar duniya saboda wata taƙaddama da ta taso a kan hukuncin alƙalin wasa, Ingila ta shigo a 1890. Wannan majalisa ce ta zama World Rugby a 2014, hedikwatarta a Dablin. Ta nahiyar Afirka an kafa ta a Tunis a 1986, kuma tun Maris na 2023 ɗan Ghana Herbert Mensah ke shugabancinta. A kowane mataki, masu wasa ne suka fara samuwa, sannan suka naɗa wa kansu masu hidima. Shi ya sa ƙa'idar World Rugby ta dage a kan cewa kowace hukumar ƙasa ta gudanar da zaɓenta bisa kundin tsarin mulkinta, ba tare da hannun gwamnati ba.

A Najeriya wasan ya shigo ne da Turawan mulkin mallaka, ya kuma daɗe a hannun ma'aikatan kamfanoni da bankuna da malaman makaranta 'yan ƙasashen waje, a Legas da Kaduna da Kano da Jos. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, masaƙu da kamfanoni suka rage aiki, baƙin suka tattara nasu ya nasu, sai ya zamana wasan ba shi da saiwa mai zurfi a makarantun gwamnati da za ta riƙe shi. A 1987, shekarar da aka yi gasar cin kofin duniya ta farko a New Zealand da Ostireliya, ƙungiyar Najeriya ta kara da Zimbabwe a Nairobi, aka zura mata maki sama da 100. Hukumar zari-ruga ta Najeriya, wadda ake kira NRFF, an kafa ta a 1998, ta samu shiga majalisar duniya a 2001, ƙungiyar ƙasa kuma ana kiran ta Black Stallions. Ba za a ce babu ƙungiyoyi a ƙasa ba. Cowrie ta Legas ta yi suna, Barewa ta Kano ta raini yara da dama daga unguwannin birni har wasunsu suka saka rigar ƙasa, an kuma yi gasar rukunin Arewa tsakanin ƙungiyoyin Kano da Kaduna da Zariya da Jos. Sai dai yawancin wannan aiki ya rataya ne a wuyan mutane ƙalilan masu kishin wasan, da aljihunsu da na abokansu. In mutum ɗaya ya gaji ko ya bar gari, ƙungiya sai ta yi sanyi.

Matsalar tana cikin tsarin da ƙasar nan ta ɗora wa dukkan hukumomin wasanninta. Tun da aka kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971, aka kuma fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas a 1973, gwamnati ta ɗauki wasanni a matsayin wani sashe na aikinta. Ita ke tura sakatare, ita ke fitar da ƙa'idojin zaɓe, ita ke biyan kuɗin jirgi in za a fita gasa. Majalisar gudanarwar kowace hukuma takan ƙunshi wakilan shiyyoyi 6 na ƙasar, da wakilin 'yan wasa, da wakilan wasu ƙungiyoyi na ƙwararru da na jami'an tsaro. Wakilin shiyya kuma shugabannin ƙungiyoyin jihohi ne ke zaɓensa, su kuwa sau da yawa ma'aikatar wasanni ta jiha ce ke naɗa su. A ƙwallon ƙafa, inda kowace ƙaramar hukuma ke cike da ƙungiyoyi, wannan tsari yana da aibinsa amma akwai jama'a a ƙarƙashinsa. A zari-ruga kuwa, jihar da ba ta da ko ƙungiya ɗaya mai wasa a kai a kai tana iya riƙe ƙuri'a daidai da ta Kano ko Legas. Mai neman kujera ba ya buƙatar ya san sunan koci ko ɗaya. Abin da yake buƙata shi ne ya san masu riƙe da takardar naɗi. Wanda aka zaɓa ta wannan hanya ba lalle ne ya zama mugu ko rago ba, wasu ma sun kashe dukiyarsu a kan wasan, amma babu abin da ke tilasta masa ya tambayi ko akwai ƙwallo ɗaya a makarantun Suleja, tunda ba daga can ƙuri'arsa ta fito ba.

An ga sakamakon wannan a 2021. A ƙarshen watan Afrilun shekarar, ministan wasanni na lokacin, Sunday Dare, ya rushe majalisun gudanarwar hukumomin wasanni kimanin 30, ya naɗa kwamitocin riƙo, bisa hujjar cewa wa'adinsu ya ƙare. Ta zari-ruga, ƙarƙashin Kelechukwu Mbagwu, tana cikinsu. Hukumar Afirka ta ɗauki wannan a matsayin katsalandan, aka dakatar da Najeriya, tallafin horar da koci-koci da alƙalan wasa ya tsaya, 'yan wasan da ke ganiyar ƙarfinsu suka zauna a gida. Sai a 2023, a ƙarƙashin Dakta Ademola Are, Najeriya ta koma fage, ta halarci gasar mutum 7 ta Afirka da aka yi a Harare a watan Satumba, wadda Kenya ta lashe bayan ta doke Afirka ta Kudu ta samu gurbin zuwa Olamfik ta Paris. Ba zari-ruga kaɗai ta sha wannan ba. Rikicin shugabancin ƙwallon kwando da ya faro a 2017 ya kai ga gwamnati ta janye Najeriya daga gasannin duniya a Mayun 2022, 'yan matan ƙungiyar ƙasa, D'Tigress, suka rasa gurbin da suka ci da guminsu a gasar cin kofin duniya, aka ba Mali. A Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya soke ma'aikatar wasanni ya dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Sauyi ne babba a sama, kuma mai yiwuwa ya rage jan ƙafar ofis, amma bai taɓa tambayar wane ne ke zaɓen shugaban zari-ruga ba. Abin lura a rikicin 2021 shi ne yadda ya wuce ba tare da ƙasa ta girgiza ba. Da akwai ƙungiyoyi 200 masu rajista da iyaye da 'yan kallo a bayansu, da minista ya yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu.

Za a ce wannan duk ɓata baki ne, wasan baƙo ne, ƙwallon ƙafa ta riga ta cinye zukatan yara, babu tsarin mulkin da zai sa yaron Bagama ya bar Arsenal ya rungumi ƙwallo mai siffar ƙwai. Tarihin Arewa kansa ya ƙaryata wannan. Wasan faifis, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya fito ne daga makarantun 'ya'yan masu hali na Ingila, irin gidan da zari-ruga ta fito. Malaman Turawa suka kawo shi makarantun Arewa a shekarun 1920, ɗaliban Kwalejin Katsina suka koya, Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma har yau ana buga shi a Katsina da Birnin Kebbi da Sakkwato, jama'a na taruwa kallo. Folo ma haka: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwani a kansa, yau babu mai ce wa Bakatsine folo wasan baƙi ne. Abin da ya dasa waɗannan wasanni biyu makaranta ce da fada, wato wuraren da yaro ke girma da mutanen da iyaye suka amince da su. A Madagaska, ƙasar da ba ta kai Najeriya arziki ba, zari-ruga wasan talakawan unguwannin Antananarivo ne, kuma a 2012 sun cika filin Mahamasina maƙil suna kallon ƙungiyarsu ta doke Namibiya da 57 da 54. A Kenya wasan ya fita daga hannun Turawa ne ta hanyar makarantun sakandare da Jami'ar Nairobi, aka kuma kafa ƙungiyoyin baƙaƙen fata irin su Mean Machine da Mwamba a 1977. Shekara 39 bayan haka, a 2016, Kenya ta doke Fiji da 30 da 7 ta ɗauki kofin Singafo. Ƙasar da ke da kokawa da dambe da langa, inda yaro ke tashi da sanin yadda ake kama ƙugu a ɗaga mutum, ba ta da dalilin jin baƙuncin wasan da rabinsa kamawa da turawa ne. Kuma ba a neman kowa ya bar ƙwallon ƙafa. Ana neman wuri ne ga yaron da jikinsa ya yi nauyi, wanda kullum ake tura shi tsaron raga ko a bar shi a gefe, alhali a zari-ruga shi ne ginshiƙin sahun gaba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma masu ita suna cikin hukumar kanta. Suna cewa Allah ya hore wa Najeriya 'ya'ya a ƙetare, me zai sa a jira shekara 20 ana rainon yara? Gaskiya ne jerin yana da tsawo. Victor Ubogu da aka haifa a Legas, Steve Ojomoh daga birnin Benin, Adedayo Adebayo, Ugo Monye, Anthony Watson, duk sun saka rigar Ingila. Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025, ya kuma jagoranci haɗakar Birtaniya da Ayaland zuwa Ostireliya a shekarar. Dokar World Rugby ta yarda mutum ya buga wa ƙasar da aka haifi mahaifinsa ko kakansa, kuma tun Janairun 2022 wanda ya taɓa buga wa wata ƙasa yana iya komawa ta asalinsa in ya shekara 3 bai buga ba. Tonga da Samowa sun amfana da wannan. Babu laifi Najeriya ta gayyaci nata, kuma waɗanda suke amsa kira, galibi daga ƙananan rukunonin Ingila, sun cancanci godiya. Amma a duba bambancin: a Tonga da Samowa kowane ƙauye yana da fili da ƙungiya, waɗanda suka dawo suna dawowa ne kan abin da yake raye. A nan kuwa, in kuɗin shekara ya tafi a tikitin jirgi da otal na mako biyu, ƙungiyar ƙasa ta zama kamar rumfar biki, a kafa ta da safe a kwashe da dare, filin ya koma yadda yake. Itoje kansa hujja ce a kan masu wannan ra'ayi. Jinin Najeriya ne a jikinsa, amma makarantar da ta miƙa masa ƙwallo yana yaro da ƙungiyar Saracens da ta raine shi su ne suka mai da shi abin da ya zama.

Akwai kuma masu cewa wanda ke biya shi ke da iko, tunda gwamnati ke ɗaukar nauyin tafiye-tafiye dole ta sa baki a shugabanci. Haƙƙin gwamnati ne ta binciki kowace naira da ta bayar, ta hana wanda ya ci amana sake taɓa kuɗin jama'a, ta kai shi kotu in ta kama. Wannan daban yake da naɗa shugabanni da tsige su. Kuma dogaron da ake yi da ita sakamakon rashin ƙungiyoyi ne, domin kamfani ba ya zuba kuɗin talla a wasan da ba shi da 'yan kallo, 'yan kallo kuma iyaye ne da 'yan'uwa da maƙwabtan masu wasa.

Damuwar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ta iyaye. Zari-ruga wasa ne na karo, kuma a Ingila da Wales ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumominsu kotu a kan lahanin da suka ce bugun kai ya yi wa ƙwaƙwalwarsu. Filayen makarantunmu ba ciyawa gare su ba, jar ƙasa ce da tsakuwa, da rani kuma ta bushe ta yi tauri. Uban da ya ce ba zai bari a riƙa maka ɗansa da irin wannan ƙasa ba yana da gaskiya, kuma duk wanda ya tara yara ya ce su kama juna ba tare da horo ba ya yi ganganci. Sai dai ita wannan damuwa ita ce ta fi nuna buƙatar hukuma ta sauko ƙasa. Akwai nau'in wasan da ba a kayar da kowa, ana rataya wa yaro ƙyalle biyu a ƙugu, wanda ya fizge ƙyallen ya tsayar da shi. Ba ya buƙatar turaku ko takalmi na musamman, ana yin sa a kowane fegi, 'yan mata ma suna iya yin nasu a cikin makarantunsu da shigar da iyayensu suka yarda da ita. Da shi ake fara koya wa yara a ƙasashe da dama. Kayarwa tana zuwa ne daga baya, a hannun kocin da aka koya masa yadda ake faɗuwa, da yadda ake gane yaron da ya bugu a kai a fitar da shi nan take. Horar da irin wannan koci da ba shi shaida shi ne ainihin aikin hukumar ƙasa, kuma shi ne aikin da ya fara tsayawa duk lokacin da aka shiga rikicin kujera.

Suleja wuri ne da ya dace a gwada wannan. Gari ne mai tsohuwar sarauta, wanda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan Haɓen Zazzau sun baro Zariya, shi ne kuma ya ba babban birnin tarayya sunansa na asali ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Ya taɓa nuna yana iya karɓar sana'a daga waje ya haɗa da ta gida, domin a nan Michael Cardew ya buɗe cibiyar tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi sunan da ya kai hotonta kan takardar naira 20. Yau cike yake da matasa daga kowace kusurwa ta ƙasar, yana da makarantun firamare da sakandare masu yawa, da makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu hazaƙa, ga Abuja a bakin ƙofa, inda koci zai iya zuwa ya koma a yini ɗaya. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowa ba: malaman motsa jiki na makarantu 8 ko 10 a Bagama da Hashimi da Magajiya da Kurmin Sarki su samu horon kwana kaɗan, kowace makaranta ta samu ƙwallaye da ƙyallaye, a tsara gasa ta zangon karatu ɗaya, a nemi fadar Sarkin Zazzau Suleja ta sa albarka da kofi kamar yadda sarakuna suka yi wa folo da faifis. Kuɗin wannan bai kai na tikitin 'yan wasa kaɗan daga Landan ba.

Amma ba za a yi shi ba, ko a yi sau ɗaya don ɗaukar hoto a watse, muddin kujerar shugabanci ba ta dogara da shi ba. Gyaran da ya kamata NRFF ta sa a kundinta shi ne ƙuri'a ta bi wasa: jihar da ba ta gudanar da gasa tsakanin ƙungiyoyi ko makarantu masu rajista a shekarar da ta gabata ba, a bar ta ta zauna a taro ta saurara amma kada ta yi zaɓe, ƙungiyoyin da ke buga gasar ƙasa kuma su samu ƙuri'arsu kai tsaye. A riƙa wallafa sunayen ƙungiyoyi da adadin 'yan wasa da koci-koci na kowace jiha duk shekara, tare da bayanin kuɗin da ya shigo daga gwamnati da World Rugby da inda ya tafi. Hukumar Wasanni ta Ƙasa ta tsaya a kan binciken kuɗi, ta bar zaɓe ga masu shi. Ma'aikatar wasanni ta Jihar Neja a Minna da sashen ilimi na Ƙaramar Hukumar Suleja kuwa ba sai sun jira an gyara kundin ba, suna iya rubuta wa hukumar takarda tun wannan zangon karatu su nemi a turo mai horar da malamai.